Yadda Ake Gane Ƙasar Peat da Kiran Sunanta Daidai

Duk wanda ya ci karo da kalmar peat a rubutun Turanci, ya fara da bambanta ta da laka da kuma taki, domin kowanne hanyarsa daban. Peat ragowar tsirrai ce da suka mutu a dausayin da ruwa ba ya janyewa, suka kasa ruɓewa gaba ɗaya saboda ƙarancin iska da tsamin ruwan, sai suka yi ta taruwa wani bisa wani. A ƙasashen sanyi yawancinta daga gansakukar Sphagnum take samuwa, kuma kaurinta yakan ƙaru da kamar milimita 1 kacal a shekara.

Sanin asalin kalmar yana sauƙaƙa riƙe ma'anarta. An fara ganin ta a takardun Latin na Sikotlan wajen shekara ta 1200 da siffar peta, kuma a lokacin tana nufin yanki guda mai kama da tubali da aka yanko, aka shanya domin hura wuta. Daga baya ne sunan ya koma kan ƙasar baki ɗaya. A Ailan, inda aka daɗe ana ɗumama ɗaki da ita, turf aka fi ce wa wadda aka yanko.

Idan kana son ka tabbatar da abin da ke gabanka, ɗebi jiƙaƙƙiya cikin tafin hannu ka matse sosai, ka lura da abin da ke fitowa tsakanin yatsunka. Ruwa garai-garai yana nuna cewa ruɓewar ba ta yi nisa ba, kuma idan ka buɗe hannun za ka ga zare-zaren ganye da saiwa ƙarara. Ruwa mai duhu alama ce ta matsakaiciyar ruɓewa, amma idan ita kanta ƙasar ce take sulɓewa baƙa wuluk kamar man shafawa, to ta ruɓe matuƙa. Wannan gwaji, wanda masanin ƙasa ɗan Suwidin Lennart von Post ya tsara a matakai 10, har yau ana aiki da shi. Busasshiyar peat kuwa ba ta da nauyi sosai, kuma tana cin wuta, abin da laka ba ta yi.

Mai rainon tsirrai ya sani cewa peat tana riƙe ruwa amma abincin shuka kaɗan ne a cikinta, don haka ba ta maye gurbin taki. A jiƙa ta sosai kafin a zuba a tukunya, domin da zarar ta bushe ƙayau takan ƙi shan ruwa. A kuma karanta jikin buhu da kyau: abin da ake kira coco peat daga ɓawon kwakwa ake yin sa, aron sunan kawai ya yi.

A ganina wannan na kwakwa ya fi dacewa da yawancin aikin lambu, domin ba sai an haƙe dausayi ba kafin a same shi. Dausayin peat kashi 3 cikin 100 ne kawai na doron ƙasa, amma kabon (sinadarin da ke zama iskar ɗumamar yanayi idan ya ƙone) da ke binne a cikinsa ya fi na dukan bishiyoyin dazuzzukan duniya, kuma idan aka janye ruwansa yakan kama wuta ta ƙarƙashi har tsawon makonni, kamar yadda aka gani a Indunusiya a 2015.