Yadda Ake Yaƙar Kachala a Fadamun Haɗeja da Nguru

Masana ciyayi masu mamaye ruwa sun danganta yaɗuwar kachala (wata doguwar ciyawar ruwa) a fadamun Haɗeja da Nguru da sauyin gudanar ruwa bayan gina madatsun Tiga da Challawa, domin tana bunƙasa ne inda ruwa ba ya janyewa da rani. Shawararsu ita ce a yanke ta ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ɗungum, saboda ta ganyen da ke sama saiwarta ke samun iska. A yi yankan kafin ta fitar da kai, a maimaita da zarar ta sake tohowa. Ƙonawa kaɗai ba ta kashe saiwar. A ganina aikin gayya ya fi, kuma wajibi ne a kwashe abin da aka yanka daga magudanun ruwa.