Yadda za ka koyi jifan sauri a kurket ba tare da ka karya bayanka ba

Duk yaron da ya zo wurina fili bayan la'asar, buri ɗaya ke kawo shi: ya jefa ƙwallon da zai razana mai bugu. Galibi ya gani ne a waya, yadda Shoaib Akhtar na Pakistan ya yi jifa mai gudun kilomita 161.3 a sa'a a gasar cin kofin duniya ta 2003. Ni ma da wannan zumuɗin na fara a nan Katsina. Ina shekara 19 ciwon baya ya kwantar da ni wata bakwai, ko ruku'u ba na iyawa, a zaune nake salla. Ga abin da nake koya musu yanzu, wanda ni ban samu mai gaya mini ba.

Fara da riƙo. Ƙwallon fata ne, nauyinsa kusan giram 160, da ɗinki a tsakiya. Ɗora manuniya da yatsan tsakiya a gefe-gefen ɗinkin, babban yatsa ya tallafe daga ƙasa. Kar ka damƙe shi, riƙon ƙwai za ka yi masa. Na fata yana da tsada, kuma fakon filayenmu kan cinye shi cikin 'yan kwanaki, saboda haka ka samu ƙwallon tanis ka naɗe shi da salatif ɗin masu gyaran wuta. Da irinsa yaran Pakistan ke koyo a lunguna.

Sai gwiwar hannu, inda duk wanda ya tashi yana jifan mangwaro da goruba ke shan wuya. A kurket ba a lanƙwasa hannu a watsa. Doka ta hana gwiwar hannu miƙewa fiye da digiri 15 lokacin jifa. Tsaya da gefe, hannunka ya zagayo kamar tayar keke, damtsenka ya gogi kunnenka. Mako biyu nake sa yaro yana wannan a tsaye, ba gudu. Suna ƙorafi: "Malam, yaushe za mu fara na gaske?" Nakan ce da su wannan ɗin shi ne na gasken.

In hannu ya zauna, sai a auna gudu. Yi alama, ka taso a hankali kana ƙara sauri, ka saki ƙwallon inda jikinka ya ji daɗi, abokinka ya lura da inda ƙafarka ta dira. Maimaita har tsawon ya daina canzawa, sannan ka ƙirga takun. Nawa taku 14 ne, da toka nake sa shaida. Dole wani sashe na ƙafar gaba ya dira bayan layin da aka ja wa mai jifa, in ba haka ba jifan bai shiga lissafi ba, kuma ka ba abokan hamayya maki kyauta. Saurin kuwa daga ƙafa yake fitowa. Ka taɓa ganin mai keke ya danna birkin gaba yana tsakiyar gudu? Haka ake so: ƙafar gaba ta kafe a miƙe, gangar jiki ta tuntsura gaba, hannu ya biyo a ƙarshe.

A nan nake so ka nutsu, domin nan na faɗi. Lokacin da ƙafarka ta baya ta dira, ƙugu da kafaɗu su fuskanci wuri ɗaya, ko duk gefe ko duk gaba. Ni ƙuguna na kallon mai bugu, kafaɗuna na gefe, kullum ina murɗa bayana kamar mai matse wanki. Haɗa wannan da dirar da ta ninka nauyin jiki sau da yawa a kan ƙasar rani mai tauri, sai ƙashin ƙasan baya ya soma tsagewa a hankali, ba ka sani ba. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga baya, ka duba da idonka.

Sannan ka riƙa ƙirga jifa. Jifa shida shi ne zagaye ɗaya. Ƙa'idar da hukumar kurket ta Ingila ta sa wa yara a da ita nake bi: ɗan shekara 13 zuwa ƙasa kar ya wuce zagaye 5 a jere, 10 a yini, ɗan 14 da 15 zagaye 6 a jere, 12 a yini. A mako kuma kwana huɗu kawai, ba fiye da biyu a jere ba. A makarantarmu, da yake ni kaɗai ne mai sauri, tun safe ake miƙo mini ƙwallo har rana ta take, ni kuma ina jin kaina. Pat Cummins na Ostareliya ya fara babban wasan kwana biyar a 2011 yana shekara 18, bai sake buga irinsa ba sai 2017 saboda raunuka, galibi na baya. Shi da ke da likitoci kewaye da shi ke nan. Kowane yarona yana da ɗan littafi da yake rubuta jifansa na rana. Wanda ya ce bayansa na ciwo gefe ɗaya, ya huta, ya je asibiti, ba wurin mai ɗori ba.

Saiti ya fi gudu kawo abinci. Tsawon wurin jifa yadi 22 ne. Shimfiɗa tsohon buhu kimanin mita shida zuwa bakwai daga sanduna ukun da mai bugu ke karewa, ka ga sau nawa za ka same shi cikin shida. Glenn McGrath na Ostareliya ba ya cikin mafiya sauri a zamaninsa, amma ya fitar da masu bugu 563, wato ya kawo ƙarshen bugunsu, a wasannin kwana biyar. James Anderson na Ingila ya fitar da 704, yana jifa har shekara 41. In kana so ƙwallo ya kauce a iska, goge gefe ɗaya da gumi a jikin wando, ka bar ɗayan ya yi kaushi. Yawu an hana a wasannin ƙasa da ƙasa.

Batun sana'a, gaskiya ɗaya ce: kurket a Najeriya bai kai ka ajiye karatu ko ka rufe shago ba. Hanyar dai tana nan, daga gasar makarantu zuwa tawagar jiha, har masu zaɓe na hukumar kurket ta ƙasa su gan ka a Abuja ko a filin Tafawa Ɓalewa da ke Legas. 'Yan ƙasa da shekara 19 na Najeriya sun je gasar duniya a Afirka ta Kudu a 2020. In wani ya ce maka wasan ba namu ba ne, tuna masa Sardauna ya buga shi a Kwalejin Katsina.

Da azumi ina rage atisaye zuwa rabi, in mayar da shi bayan buɗa-baki. Takalmi kuma ka sayi mai kaurin ƙasa ko a gwanjo ne. In babban yatsan ƙafar gaba na dukan bakinsa har farce ya yi baƙi, sa reza ka huda takalmin a wurin. Nawa duk haka suke.