Yadda za ka rage asarar kayan lambu tun daga bishiya har mota: darasin da na ɗauka daga katan ɗin fiyar Turawa

Jama'a wannan rubutun na masu lambun mangwaro da gwaiba ne da masu saro kayan marmari, musamman mu na nan Katsina da ɓangaren Daura. Wani yaro ne cikin 'ya'yan yayata ya ce mani Kawu me zai hana mu dasa fiyar Turawa, wannan da ake jerawa kusa da tuffa a bakin titi, tunda kuɗi take yi. Na ce mashi ɗana zauna in gaya maka, wannan itacen ba namu ba ne. Ba fiyar da ake kawowa daga Jos ko Mambila nake nufi ba fa, mai ƙwallo ɗaya ƙato, waccan daban. Ita ta Turawa sai ta sha sanyin hunturu na gaske, awa ɗaruruwa ƙasa da digiri 7, ta zubar da ganye ta yi barci sannan ta yi fure, to hunturunmu na wata biyu da rana ke buɗewa da hantsi ina zai kai ta. Chaina ce ke noma fiye da rabin ta duniya, wadda muke gani a kasuwa kuma galibi daga Afirka ta Kudu take, yankin Ceres da kewaye, ta biyo jirgin ruwa zuwa Legas sannan ta hauro arewa.

Amma na ce mashi ɗauko katan ɗin mu buɗe, don akwai karatu a ciki. Abu ya ƙetare teku, ya yi makonni a hanya, ya iso lafiya, mu kuma mangwaron da muka tsinka jiya a Ajiwa kafin ya kai 'Yan Lemo a Kano na ƙasan kwando ya zama kunu.

Katan ɗin kilo 12.5 ne, an rubuta irin fiyar a jiki, ko Packham's ko Forelle, an rubuta adadin 'ya'yan da ke ciki. Ka ɗaga leda ka ga tire mai ramuka, kowace fiya na zaune a raminta ba ta taɓa 'yar'uwarta, girmansu ɗaya kamar an auna da sikeli, kuma lallai an auna ɗin. Ka taɓa ka ji tauri. Su ba su bari ta nuna a kan itace don daga ciki take fara nuna, in ka jira bayanta ya yi laushi to cikin ya riga ya lalace, shi ya sa mai saye da ya sani wuyanta yake dannawa kusa da hannunta, wato ɗan tsinken da ta maƙale da reshe. Suna tsinka ta ƙosa amma ba ta nuna ba, su sa ta ɗakin sanyi wajen digiri 0, ta yi watanni.

To mu dawo namu. Farkon abu tsinka, kuma nan ne muka fi ɓarna wallahi. Yara su hau su girgiza reshe, ko a sa gora a yi ta kaɗowa, mangwaro ya faɗo a ƙasa tim, ka ɗauka ka ga ba komai a jikinshi, bayan kwana biyu wurin ya yi baƙi ya yi ruwa ya shafa wa na kusa. Duk wanda ya taɓa ƙasa ka ware shi gefe a sayar a ƙofar lambu ko a ba yara, kar ya shiga kayan tafiya. Ka samu gora doguwa ka ɗaura mata zoben ƙarfe da 'yar jaka ta buhu a baki, maƙeri ko mai walda zai haɗa maka, mangwaron ya faɗa cikin jakar. Wanda hannu ke kaiwa a yanka da almakashi a bar mashi hannunshi kamar tsawon gaɓar yatsa biyu. Dalili shi ne ƙaron nan da ke tsartuwa in an fizge, shi ke ƙona bawo ya bar zane baƙi, kuma mai saye da ido yake saye. In kun tara a inuwa sai ku rage hannun ku kifa su baki ƙasa a kan gadon kara na ɗan lokaci ƙaron ya tsiyaye. Aiki ne, na sani, amma mangwaron Binta Suga mai tsabtar fuska da mai zane ba kuɗi ɗaya ba ne.

Lokaci kuma, da safe bayan raɓa ta bushe zuwa hantsi. Zafin Afrilu da Mayu a Daura ba sai an gaya wa kowa ba, in ka bar tsibi a rana awa biyu ka riga ka cinye kwanakin da zai yi a kasuwa. Rumfa ta zana ta isa.

Sai warewa. Ku shimfiɗa tabarma ko tamfol, mutum biyu su zauna, manya gefe, matsakaita gefe, ƙanana da masu tabo gefe. Wanda ya fara nuna kar a haɗa shi da ɗanye, don nunanne na fitar da wata iska da ke nunar da na kusa, ita ce dai ke sa in ka rufe ayaba da mangwaro a leda ya nuna da wuri. Dabarar nan tamu ta sa manya a sama a ɓoye ƙanana a ƙasa, dillalan Kano sun fi mu saninta, tun kafin su zazzage sun riga sun rage maka kuɗi a ransu.

Maganar kwando yanzu. Na yi shekaru ina kare kwando saboda arha, sai da wata shekara na loda mangwaron fafaranda, direban da na ɗauko ya jera kwanduna hawa uku ya kuma ɗora buhunan wani mutum a sama ban sani ba, na ce mashi Malam a daure a tashi da yamma, bai tashi ba sai washegari da rana tsaka. Da aka sauke ruwa ne ke ɗiga ta ƙasan mota, ƙuda ya yi baƙi, na tsaya ina kallo ko faɗa na kasa yi. Daga nan na fara sayen kiret na roba kaɗan kaɗan. Shi kiret yana ɗaukar kilo 20 zuwa 25, yana da ramukan shan iska, kuma in ka jera su bakin kiret ne ke ɗaukar nauyi, ba 'ya'yan itacen ba. Kar a cika shi ya yi toliya, a bar kamar faɗin yatsa biyu daga baki, a shimfiɗa takarda ko busasshen ganye a ƙasa. Matsalarshi ɗaya dawowa, in ba ka rubuta sunanka da fenti ba kuma ba ka ƙirga da dillali ba, to ka yi sadaka. In kiret ya fi ƙarfinka ka nemi katan ɗin tuffa da fiya da masu shago suka gama da su, da tirensu in an samu, suna yin sahu ɗaya ko biyu ga kaya na musamman.

Wata gargaɗi ga masu firiza: kar ka ce tunda fiya na son digiri 0 bari in sa mangwaro. Shi ɗan zafi ne, in ya sauka ƙasa da digiri 12 ko 13 bawon na yin toka toka, ya ƙi nuna da kyau, ɗanɗano ya tafi. Sinadarin kabaid kuma da wasu ke naɗewa a takarda su cusa cikin kaya don su nuna da wuri, NAFDAC ta sha gargaɗi a kanshi, a bari don Allah.

A cikin lambun ma akwai abin da ke sauƙaƙa duk wannan. Can gonakin fiya ba su barin itace ya tafi sama, suna aske shi duk shekara don mai tsinka ya kai da ɗan tsani. Mu kuma sai mu bar mangwaro ya zama kamar kuka. Bayan an gama tsinka ka rage kan, ka buɗe tsakiya rana da iska su shiga, ka tsayar da shi wajen mita 4. In sabon dashe za ka yi sayi mai aure, ka jera iri ɗaya a layi ɗaya don su ƙosa tare ka cika mota a tsinka ɗaya. 'Ya'yan da suka zube kuma nan tsutsar ƙudan mangwaro ke girma, ka sa yara su tsince kullum, a ɗaure a baƙar leda a bar ta a rana kwanaki ko a haƙa rami mai zurfi a binne.

Lodi a yi shi bayan la'asar, mota ta tashi da sanyin yamma ko da asuba gwargwadon yadda hanya take, a rufe sama da zana ko tamfol mai haske amma a bar gefe iska na wucewa, kuma ka tsaya da kanka har a ɗaure igiyar ƙarshe ka ga abin da aka ɗora a kan kayanka.