Yadda ake haɗa kayan fatsa don kama babban kifin fayik daga kwalekwale

Kifin fayik (pike), mai farautar sauran kifaye a tafkunan Suwidin, Finlan da Kanada, haƙoransa kamar reza suke, zaren fatsa ba ya jure musu. Ga matakan:

1. Tsakanin zaren da ƙugiya ka ɗaura guntuwar waya, tsawon santimita 30 zuwa 45. Ta ƙarfe ta fi araha, amma da ta lanƙwashe ta tashi aiki. Ta titaniyom, wani irin ƙarfe marar nauyi, tana miƙewa da kanta, ni ita na fi yarda da ita. In ruwan garau yake, maimakon waya wasu kan sa zaren fulorokabon, wani zaren roba garai-garai, mai kaurin milimita 1, don kifin ba ya saurin ganinsa.

2. Sa maɗauri mai juyawa tsakanin zaren da wayar, kada zaren ya murɗe.

3. Zaɓi kifin roba da za ka sa a ƙugiya don yaudarar fayik, mai tsawon santimita 15 zuwa 25. Mai ruwan azurfa a ruwa garau, rawaya ko ruwan lemo a gurɓatacce.

4. Jefa shi gefen kwalekwale tukuna, ka ga yadda yake kaɗa jela, sannan ka ja shi sannu a bayan kwalekwalen, yana tafiyar kilomita 3 zuwa 4 a awa.

5. Duk kifin da ka fitar, shafa wayar da yatsa. Ka ji kaushi ko lanƙwasa, canja ta nan take.