Kurakuran kwanan wata wajen jawo farashin hannun jari a Google Sheets

Ko kai ɗalibin lissafin kuɗi ne a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko kana nan Sakkwato kana bibiyar hannun jarin Amurka, idan fomular GOOGLEFINANCE, wadda ke jawo farashin hannun jari cikin Google Sheets, ta ba ka matsala, fara duba kwanan wata. Sau tari nan gizo ke saƙa.

Mu rana muke fara rubutawa, sannan wata. Amurkawa kuwa da wata suke farawa. Idan ka rubuta "3/4/2024" kana nufin 3 ga Afrilu, alhali an saita takardar kan tsarin Amurka, 4 ga Maris za ta karanta. Duka biyun kasuwa ta ci, ɗaya Laraba ɗaya Litinin, don haka farashi zai fito lafiya lau, babu wani gargaɗi, sai dai na wata rana ce daban. Wannan kuskuren na fi jin tsoro, domin mutum zai iya ɗora lissafin ribarsa gaba ɗaya a kai bai sani ba. Rubuta DATE(2024,4,3): shekara, wata, rana. Ko kan tsarin Amurka aka saita takardar ko kan namu, haka za ta gane shi. Kada kuma ka saka 3/4/2024 tsurarsa a cikin fomula, rabawa za ta yi maka.

Sai maganar lokaci. Kasuwar Niyok tana tashi ƙarfe 4 na yammacinsu, wato ƙarfe 9 ko 10 na dare a nan, gwargwadon sauyin agogonsu. Wanda ya nemi farashin rufewa da TODAY(), fomular da ke ba da kwanan watan yau, bayan Azahar, abin da bai faru ba tukuna yake nema. Asabar da Lahadi kuma ba a ciniki. WORKDAY(TODAY(),-1) zai mayar da kai ranar aiki da ta gabata, amma bai san hutunsu irin na 4 ga Yuli ba sai ka lissafa masa da kanka.

Farashin ranar da ta wuce da kanun jadawali yake zuwa, layi biyu. Ka sa fomular cikin INDEX, mai ciro akwati ɗaya daga jadawali, ka ƙara 2,2 a ƙarshe, lambar kaɗai za ta fito.

Idan VLOOKUP, mai nemo abu a cikin jadawali, ya ce bai ga ranar ba alhali ga ta kana kallo, dubi akwatin da kyau, za ka ga 16:00:00 manne da ita. INT zai cire wannan lokacin, ranar ta dace da taka.