Kurakuran da ke jawo wa ido ƙwayar cuta bayan aikin hawan jinin ido

Aikin da aka fi yi wa mai hawan jinin ido shi ne a buɗe 'yar kafa a saman farin ido, ruwan ciki ya riƙa fita yana taruwa a wani ɗan ƙullutu da fatar ido ta sama ke rufewa. Fatar ƙullutun siririya ce, balle idan an sa maganin mitomaisin, mai hana kafar toshewa, lokacin aikin, kuma nan ce ƙofar ƙwayar cuta. Tana iya shiga ko bayan shekaru, lokacin da kowa ya manta an yi aiki.

Babban kuskuren shi ne ido ya yi ja, ya fara kwantsa, haske na damun mutum, sai a ce ai afolo ne ke yawo a gari. A wuce kemis a sayo ɗigo. Wasu ɗigon suna da deksametazon a ciki, shi kuwa kwantar da ja yake yi ya raunana garkuwar ido. Mutum ya ga sauƙi, ƙwayar na ci gaba da ɓarna a ɓoye. Idon da aka taɓa yi wa aiki, in ya yi ja da zafi ko gani ya ragu, a ranar ake kai shi asibitin ido. Ba a jiran ranar da aka rubuta a kati.

Haka wanda likita ya rubuta wa ɗigo mai deksametazon na 'yan makonni, ya ci gaba da saye da tsohuwar kwalba wata da watanni. Ta haka ne ƙwayoyin da ba kasafai ake gani ba ke samun wurin zama a gilashin gaban baƙin ido. Akwai nokadiya, wadda ke zaune cikin ƙasa da ƙura. A hankali take ci, ba ta cika jin magungunan da aka saba ba, har akan ɗauka ciwon naman gwari ne. Shi ya sa in likita ya ce zai kankaro ɗan gyambon da ƙwayar ta yi a gilashin a kai ɗakin gwaji, kada a ƙi don tsoro. Ana kashe zafin wurin tukuna, kuma gwajin ne ke nuna ko maganin amikasin, mai kashe nokadiya, ake bukata.

Kwalli, zuma, ruwan nono, duk a bar su nesa da idon. Bakin kwalbar ɗigo kada ya taɓa gashin ido, kuma in ta yi mako huɗu a buɗe a yar da ita. Jin kamar tsakuwa a ido kan zama zaren ɗinki ne ya saki, cire shi aikin likita ne, murza ba ta gyara shi.

In an ce ɗigo duk awa don gyambon, sau da yawa har da dare ake nufi. Wanda ya daina don zafi ya lafa, gyambon kan dawo ya bar masa hakiya.