Yadda za ka haɗa injin jera kayan allon lantarki da kanka

Masu haɗa allunan fitilar sola da na caja a nan Damagaram sun san wahalar, mutum ya duƙa da hantsaki yana ɗora ƙananan rezista ɗaya bayan ɗaya har wuya ya sage. To akwai injin da ke wannan aikin, ya tsotsi abu da iska ya juya shi ya ajiye daidai wurinsa, kuma zanensa a buɗe yake kyauta. Amma in allo biyar kake yi a wata kar ka wahal da kanka, hantsakinka ya fi. Injin na mai buga allo iri ɗaya ne da yawa.

Manhajar da ke tuƙa shi sunanta OpenPnP, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux ko kwamfutar tsohuwa ce. Zanen jiki kuwa ka duba LumenPnP na kamfanin Opulo, sun zuba komai a shafin intanet na GitHub, sai ka kwaikwaya.

Gangar jikin sandunan alminiyom ne da ake kira 2020, da moto NEMA 17 masu tafiya taki-taki, da bel GT2, da allon tuƙi irin na firintar 3D mai manhajar Marlin a ciki. Waɗannan oda ake yi daga Sin ko a nema ta Kano, a Kasuwar Dole abin da za ka samu su ne noti da waya da soket. Lissafin da za ka saka wa Marlin ba wuya: haƙorin bel milimita 2 ne, fuli mai haƙora 20 zagaye ɗaya milimita 40 kenan, moto taki 200 yake a zagaye, in ka raba kowane taki gida 16 ya zama 3200, raba da 40 ka samu taki 80 a milimita guda. Ka umarce shi ya tafi milimita 100 ka auna da ma'auni mai kyau, in bai cika ba galibi bel ne ya saki.

Sassan roba da za a buga maka da firinta, don Allah kar ka yarda da robar da ake kira PLA. Wajen digiri 60 take fara laushi, kuma kai ka san yadda shagon kwano yake a watan Afrilu da Mayu, ga zafin moto a kai, sai ka ga kan injin ya karkace a hankali kana ta zargin manhaja. Robar PETG ta fi jurewa.

Kan injin shi ne ɗan famfon tsotsar iska, da bawul mai buɗewa da wuta, da bakin tsotsa irin na Juki, lamba 503 da 504 sun ishe ka farawa. Sai kyamara biyu na USB, ɗaya a kai tana kallon ƙasa tana neman ɗigon tagullan da ka sa a kusurwoyin allo don ta san inda allon ya zauna, ɗaya a ƙasa tana kallon sama tana duba abin da aka ɗauko ko ya karkace. Malam a nan aikin yake, haɗa ƙarfe wasa ne in an kwatanta da saita kyamara. OpenPnP na da sashen da ke bin ka mataki-mataki yana nuna abin da ya rage, ka bi shi a jere kar ka tsallake, musamman tazarar da ke tsakanin kyamarar da ke kan injin da bakin tsotsa, kuskuren rabin milimita a nan kowane abu zai sauka a gefe. Kuma ka sa wa kyamarorin fitilarsu ka tare hasken taga, don ranar garin nan in ta faɗo kan allo da hantsi abin da kyamara ke gani daban yake da na la'asar.

Kayan suna zuwa ne cikin tef mai faɗin milimita 8, ramukansa tazarar milimita 4. Abin tura tef mai moto tsada gare shi, ka fara da yanka tef ɗin ka manna a faranti ka ɓare ledar sama, kyamara za ta bi ramukan da kanta. Ka zana allonka da kaya masu girman 0805, wato milimita 2 da 1.25, in hannu ya faɗa ka sauko 0603. Shi 0402 ka bar shi tukuna. KiCad, manhajar zanen allo, zai fitar maka da fayil na wurin zaman kowane abu, shi za ka loda.

Ƙurar hunturu tana toshe bakin tsotsa tana rufe idon kyamara, sai ka yi masa akwati ko da na leda mai kauri ne, kuma a busasshen lokacin nan jiki na tara wutar da ke kashe ayisi, wato ƙananan ƙwaƙwalen allo, ka ɗaura abin hannu mai waya zuwa ƙasa. Kuran kuma, wato lantarki, in ya ɗauke tsakiyar aiki injin ya manta inda yake, gara ka ɗora shi da kwamfutar a batirin sola, ba ya cin wuta sosai.

Gwajin farko kar ka shafa kullun dalma da ke liƙe kayan a allo, tef mai gam gaba da baya za ka manna a allo injin ya jera a kai ka duba da madubin ƙara girma. In ya yi daidai sai ka shafa kullun ta farantin da aka huda daidai wuraren zaman kayan ka gasa. Dalma mai gubar da ake kira lead tana narkewa a digiri 183, marar gubar wajen 217, faranti mai zafi ya isa ga ƙananan alluna. Ragowar kullun a firji ake ajiye shi cikin roba mai murfi nesa da abinci, ka fito da shi sanyinsa ya fita tukuna kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa ta shiga ciki ya dinga tartsatsi wajen gashi.